Mastas a fannin yara masu buƙata ta musamman, ga kuma aiki

Tambaya: Anti dan Allah ni malama ce, ina son yin mastas a fannin koyar da yara masu buƙata ta musamman amma bazan iya barin aiki ba, zai yiwu kuwa?

Amsa: Zai yiwu ƙanwata, akwai na ƙarshen mako akwai na onlayin. Amma fa lakca kaɗai ake yi ta intanet, firaktikal dole sai kin shiga aji kin zauna da yaran, kurame ne ko makafi masu karatu da Braille (rubutun da ake karantawa da taɓawar yatsu) ko masu otizim (yanayin da ke sa yaro wahalar magana da mu'amala da mutane), a ga yadda kike tsara ma kowane yaro darasinsa daban, to tun yanzu ki nemi izini wajen aikinki. Kuma kafin ki biya kuɗi ki tabbatar hukuma ta amince da kwas ɗin.