Ku Tambaya Mu Amsa: Hutun Mako Guda a Tsibirin Zanzibar

Wasiƙun wannan mako duk sun taru a kan abu ɗaya, wato zuwa bakin teku a huta. Mun haɗa masu kama da juna, mun kuma taƙaita wasu saboda fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina so in kai amaryata wani tsibiri mu yi mako guda, inda babu hayaniya, babu mashaya a ƙofar ɗaki. Wani abokina ya ce Zanzibar, amma bidiyon da nake gani a waya duk kiɗa ne da rawa. Ya abin yake? (Wani ango, Unguwar Rimi)

Amsa: Wa alaikumus salam, ango, Allah ya ba da zaman lafiya. Abokinka bai yi kuskure ba, bidiyon ma ba ƙarya ba ne. Zanzibar yanki ne na ƙasar Tanzaniya tun 1964, kuma manyan tsibiransa biyu ne, Unguja da Pemba. Unguja ne mutane ke nufi in sun ce Zanzibar, kowace gaɓa tasa kuwa da halinta.

Kiɗan da ka gani akasari daga arewa yake, Nungwi da Kendwa. Can manyan otal suka taru, a Kendwa ma akwai casu da ake yi duk lokacin da wata ya cika. Paje da ke gabas matattarar matasa ce masu wasan sulu a kan ruwa da lemar da iska ke ja, ita ma ba ta barci da wuri. In natsuwa kuke so, ku nemi Jambiani ko Bwejuu a kudu maso gabas, ko Michamvi da Pongwe, ko Matemwe a arewa maso gabas. Ƙauyukan masunta ne, kuma daga filin jirgi tafiyar awa ɗaya ce ko fiye da haka kaɗan a mota. A ganinmu kudancin Jambiani ya fi dacewa da sababbin aure. Akwai ƙananan masaukai masu ɗaki goma zuwa ashirin, masallaci na kusa, bayan isha'i kuma gari yakan yi tsit.

Kafin ka biya, ka rubuta wa masaukin tambaya uku: akwai mashaya mai kiɗa a ciki ko a maƙwabta, akwai janareta in wuta ta ɗauke, kuma na'urar sanyaya ɗaki ce a ɗakin ko fanka. Pemba ta fi ko'ina shiru, kusan rabin awa ce a ƙaramin jirgin sama daga Unguja, sai dai masaukanta kaɗan ne kuma zirga-zirga da wuya. Ku bar ta sai zuwa na biyu.

Tambaya: Ƙanwata ta je bara, ta biya ɗaki mai kallon teku. Da gari ya waye sai ta tarar ruwan ya tafi can nesa, sai taɓo da duwatsu. Ta ce an cuce ta. Yaya zan kauce wa haka? (Wata Hajiya, Malali)

Amsa: Hajiya, ba wanda ya cuci ƙanwarki. Halin tekun ke nan a gabashin tsibirin, kuma wannan ne abin da ya fi ɓata wa baƙi hutu.

Teku yana cikowa ya janye sau biyu a kowace awa ashirin da huɗu da ɗoriya, kusan awa shida tsakanin cika da janyewa, kuma kullum lokacin yana ƙara jinkirin minti hamsin ko kusa da haka. A gabas gaɓar shimfiɗaɗɗiya ce har zuwa inda duwatsun murjani suka yi shinge, don haka in ruwa ya sauka mita uku ko huɗu, sai ya ja baya kilomita guda ko fiye a wasu wuraren. A Nungwi da Kendwa ƙasa ta fi gangara, shi ya sa ake iya shiga ruwa a can kusan kowane lokaci, shi ya sa kuma jama'a suka yi musu yawa.

Lissafin ba zai ba Bahaushe wahala ba, domin wata yake bi. A tsayuwar wata da kuma wajen sha huɗu zuwa sha shida ga watan Musulunci ruwa ya fi cika, ya kuma fi janyewa. A waɗannan ranaku yakan janye da hantsi, wajen goma zuwa sha ɗaya, ya dawo ya cika bayan la'asar. Wajen bakwai da takwas ga wata, da ashirin da biyu zuwa da uku, motsin kaɗan ne, ruwan ba ya nisa sosai, ba ya kuma cika sosai. Saboda haka ki duba kalandar Hijira kafin ki tsayar da rana. Kowane masauki na kirki yana liƙa jadawalin ruwa na ranar a wajen karɓar baƙi, akwai shi kuma a intanet. In kina son shiga ruwa ba tare da jiran teku ba, ki ɗauki masauki mai tafkin wanka.

Janyewar ma ba asara ba ce. A lokacin ne matan Jambiani da Paje ke fita gonakinsu na ciyawar teku. Za ki gan su zaune cikin ruwa iya gwiwa da zannuwansu, suna ɗaure ciyawar a jikin igiyoyi tsakanin turaku, su kwaso wadda ta isa a buhu su shanya a bakin gida. Ki nemi izini kafin ki ɗauki hotonsu.

Hattara biyu a nan. Kada a taka wurin ba takalmi, saboda bushiyar teku, wata baƙar halitta mai dogayen ƙayoyi da ke laɓewa cikin ramukan dutse. A sa takalmin roba mai rufe ƙafa, silifas ba ya tsare komai. In an taka, a tsoma ƙafar cikin ruwan zafi gwargwadon yadda fata za ta jure, rabin awa zuwa awa ɗaya, a cire ƙayoyin da suka fito da matsefata a hankali. Kada a tone da allura, ƙayar tana da gautsi, marmashewa take yi a ciki. In ta shiga gaɓa ko wurin ya kumbura ya yi ja, a je asibiti. Na biyu, wanda ya taka zuwa shingen murjani ya juyo da zarar lokacin janyewa ya cika. Ruwa mai dawowa yana fara cika kwaruruwan da ke bayan mutum ne, tsakaninsa da tudu, kafin ya ankara.

Tambaya: Waɗanne takardu ake bukata, kuma ta ina ake tashi daga Kaduna? An ce ana buga biza a filin jirginsu. (Wani ma'aikaci, Barnawa)

Amsa: Malam, wannan maganar ta shafi 'yan wasu ƙasashe ne, ban da mai fasfon Najeriya. Tanzaniya ta sa Najeriya cikin ƙasashen da sai hukumar shige da ficenta ta tantance takardunsu kafin su taso. Ana nema a shafin hukumar na intanet, kuma amsa takan ɗauki makonni, don haka ka nema aƙalla wata biyu kafin tafiya. Kada ka sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa sai biza ta fito. Nan ne mutane suka fi yin asara, su riga su biya jirgi da otal, ranar tashi ta zo biza ba ta zo ba.

Fasfo ya kasance da sauran wata shida aƙalla daga ranar shiga. Sai katin rigakafin shawara, wanda jami'an lafiya na filayen jirgi ke bayarwa. Allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Sannan tun 1 ga Oktoba 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi inshorar tafiya ta kamfaninta, dala 44 ga babban mutum, ko da kana da wata inshorar daga gida. A biya ta intanet, a buga takardar a riƙe a hannu tare da ta otal da tikitin dawowa.

Tashi kuwa daga Abuja ne ko Kano. Ethiopian Airlines yana bi ta Addis Ababa, daga can a canza jirgi zuwa filin Abeid Amani Karume da ke Unguja. In jirgin ƙasa za ka bi daga Rigasa, ka tafi tun ana gobe ka kwana a Abuja, kada ka jingina tikiti mai tsada da jirgin ranar. Agogonsu yana gaban namu da awa biyu. Kada ka zuba kaya a baƙar leda, Tanzaniya ta haramta ledar cefane tun Yunin 2019.

Tambaya: Hutun makaranta kaɗai nake da shi, na Afrilu ko dogon hutu. Wanne ya fi? (Wata malamar makaranta, Kawo)

Amsa: Dogon hutu, Malama, ko tantama babu. Tsibirin yana kudu da tsakiyar duniya, damunarsa ba ta zo ɗaya da tamu ba. Babban ruwan sama daga Maris ne zuwa Mayu, Afrilu ne tsakiyarsa, har wasu masaukai sukan rufe. Daga Yuni zuwa Oktoba rani ne mai sanyi-sanyi da iska, wato lokacin da Kaduna ke shan ruwan Agusta su suna cikin rana. Sai dai Yuli da Agusta Turawa ma na hutu, ɗaki yakan yi tsada, a kama da wuri. Akwai ɗan ruwa a Nuwamba, sannan zafi daga Disamba zuwa Fabrairu.

Tambaya: Ni damuwata salla da abinci. (Wani Alhaji, Tudun Wada)

Amsa: Ranka ya daɗe, ta wannan fuskar kamar kana gida ne. Mutanen Zanzibar kusan duk Musulmi ne, kowane ƙauye da masallatansa, kuma a Kizimkazi da ke kudu akwai masallacin da rubutun jikin bangonsa ke ɗauke da shekarar 500 ta Hijira, wato 1107.

Abin lura shi ne alƙibla. A can ba gabas ba ce, arewa ce kusan sak, domin Makka tana saitin tsibirin ta arewa. Wanda ya ga rana ta fito daga teku ya shimfiɗa darduma ya fuskance ta, ya kauce. Yawancinsu Shafi'awa ne, za ka ji liman ya bayyana bisimilla, a asuba kuma ya yi alƙunut bayan ruku'u da ɗaga hannu. Ka bi shi kawai. Batun ƙasaru, a mazhabarmu ta Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku yana cika salla, don haka mai mako guda a masauki ɗaya ba zai yi ƙasaru ba sai a hanya.

Abincinsu shinkafa ce da aka dafa da madarar kwakwa, da filau mai kanumfari da kirfa da masoro, da kifi iri-iri, jatan lande da kaguwa. Yaji bai kai namu ba, ka tafi da naka a kwalba. A kasuwar dare ta Forodhani da ke Stone Town, tsohon birnin, ka zaɓi abin da za a gasa a gabanka, ka bar wanda aka jera tun yamma ana ɗumamawa, shi ke ɓata ciki. Ruwan gora za a sha. In azumi ne, gidajen abinci na cikin gari a rufe suke da rana.

Tambaya: Yarana uku ba wanda ya iya iyo, ni ma haka. Mu haƙura? (Wata uwa, Badarawa)

Amsa: Kada ku haƙura, 'yar'uwa, gabashin tsibirin ma shi ya fi dacewa da ku saboda rashin zurfi. A tsaya inda ruwa bai wuce ƙugu ba, babba yana kusa da yaro yadda hannunsa zai kai gare shi. Duk kwale-kwalen da za a shiga, a ga rigar ceto daidai jikin kowa kafin a biya, a sa ta tun a tudu. Ke kuma kada ki shiga ruwa da zumbulelen hijabi ko atamfa, in sun jiƙe nauyi suke yi su naɗe ƙafa. Akwai kayan wankan mata masu rufe jiki duka, marasa shan ruwa, ki saya tun daga gida. Tsakanin sha ɗaya da uku a zauna a inuwa, farin rairayi yana mayar da rana, baƙar fata ma tana ƙonewa. Ga yara, dajin Jozani da jajayen birransa yana kan hanyar gabas, manyan kunkuru kuma suna tsibirin Changuu kusa da Stone Town.

Tambaya: Dala zan riƙe ko kati? (Wani ɗan kasuwa, Kabala)

Amsa: Ka riƙe duka biyun, Alhaji, amma kada ka dogara da katin naira. Wajen 'yan canji ka ce a ba ka sababbin takardun dala marasa yagewa ko rubutu, waɗanda aka buga daga 2009 zuwa sama, domin tsofaffi ana ƙin karɓarsu. Ka canza zuwa shilin, kuɗin Tanzaniya, a filin jirgi ko Stone Town, injin cirar kuɗi ya yi ƙaranci a ƙauyuka. Otal yana karɓar harajin gwamnati na 'yan daloli kan kowane mutum kowane dare, ka tambaya ko yana cikin kuɗin ɗaki. Kuɗin tasi a gama ciniki kafin a shiga. In za ka sa wa direba lokaci, ka nuna masa a agogon waya, domin su daga fitowar rana suke fara ƙirga awa: ƙarfe bakwai na safe shi ne ƙarfe ɗaya a wurinsu, wanda ya ce zai zo ƙarfe huɗu yana iya nufin goma na safe.