Manhajata ta ce babu mai bashi, alhali akwai: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne, ina haɗa wa wata makaranta manhajar karɓar kuɗin zango. Ina da tebur biyu a MySQL, manhajar adana bayanai, na ɗalibai da na waɗanda suka biya. Na rubuta `SELECT suna FROM dalibai WHERE lamba NOT IN (SELECT lamba FROM biya)` don in fitar da masu bashi, amma ko suna ɗaya bai fito ba, ga yara da dama ba su biya ba. Na gwada a yaren kwamfuta na Prolog da `bashi(X) :- \+ biya(X), dalibi(X).` nan ma sai `false`. Daga Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Matsala biyu ce daban, amma tushensu ɗaya: yadda kwamfuta ke mu'amala da abin da ba a faɗa mata ba.

Fara da MySQL. Duba teburin `biya`, za ka tarar da aƙalla layi ɗaya da aka bar gurbin lamba babu komai, wato NULL. Wataƙila an shigar da rasit ba tare da lambar yaron ba. NULL ba sifili ba ne, ma'anarsa "ba a sani ba". Shi ya sa hukunci a SQL, yaren da MySQL ke amfani da shi, iri uku ne: gaskiya, ƙarya, da ba a sani ba. A ce teburin na ɗauke da 3, 7 da NULL, ana binciken yaro mai lamba 12. Shin 12 ta bambanta da 3? Eh. Da 7? Eh. Da NULL fa? Ba a sani ba, don mai yiwuwa rasit ɗin nan marar lamba nasa ne. Sakamakon duka sai ya zama "ba a sani ba", shi kuwa `WHERE` gaskiya zalla yake bari ta wuce. Haka zai faru da kowane yaron da bai biya ba. Layi ɗaya tak ya isa ya shanye jerin duka.

Gyaran shi ne ka koma `NOT EXISTS`:

`SELECT suna FROM dalibai d WHERE NOT EXISTS (SELECT 1 FROM biya b WHERE b.lamba = d.lamba)`

Sannan ka nemo gurɓatattun layukan da `WHERE lamba IS NULL`. Kada ka rubuta `= NULL`, ba zai taɓa fito da komai ba. Idan ka cike su, sa wa gurbin sharaɗin `NOT NULL`. Af, ka lura `COUNT(*)` na ƙirga duk layuka, amma `COUNT(lamba)` da `AVG` tsallake NULL suke yi, don haka alƙalumanka na iya saɓa wa juna.

Shi Prolog, wanda Alain Colmerauer da abokan aikinsa suka ƙirƙiro a Marseille ta Faransa a 1972, akasin haka yake tunani. Duk abin da ya kasa tabbatarwa daga bayanan da ka ba shi, ƙarya ne a wurinsa. A 1978 Raymond Reiter ya fayyace wannan zato na "rufaffiyar duniya", a shekarar kuma Keith Clark ya yi bayanin kore magana ta hanyar gaza tabbatar da ita. To alamar `\+` ba "ba haka ba ne" take nufi ba, "na nema ban samu ba" take nufi.

Kuskurenka a jeri yake. Lokacin da Prolog ya iso kan `\+ biya(X)`, X bai riga ya zama kowa ba, sai tambayar ta koma "shin babu ko mutum ɗaya da ya biya?" Tunda wani ya biya, magana ta mutu a nan. Juya su: `bashi(X) :- dalibi(X), \+ biya(X).` Yanzu zai ɗauko yaro tukuna, sannan ya duba ko ya biya. A Datalog, wani yare mai kama da Prolog, ma ƙa'ida ce: duk harafi irin X da ya fito a ɓangaren korewa dole ya fito a wani ɓangare marar korewa na jikin dokar.

Tunda kai ɗalibin kwamfuta ne, ga tarkon da ke gaba. Rubuta `p :- \+ q.` da `q :- \+ p.` ka tambayi `p`, Prolog na gargajiya zai yi ta zagaye ba amsa. Hanyar Gelfond da Lifschitz ta 1988, wadda manhajar clingo ke bi, amsa biyu take bayarwa: ko p, ko q. XSB kuwa, wani nau'in Prolog, cewa zai yi ba a tantance ba.

Shawarata kan manhajar makarantar: kada rashin layi ya zama hujjar kora yaro gida. Akwai wanda ya biya a banki, rasit bai iso ofis ba. Ƙara gurbin `matsayi` mai zaɓi uku: ya biya, bai biya ba, ana jiran tabbaci. Jerin masu bashi ya ɗauko na biyun kawai, na ukun a miƙa wa akawu ya duba da takardar banki.