Kwabon 'yan kasuwar Ingila na shekarun 1790: na gaske ne, kuma in wanke shi?

Tambaya: Na sayi wani tsohon sisin kwabo na jan ƙarfe, da hoton wani mutum da sunan John Wilkinson, shekarar 1790. Babu sarki a jiki. Ya yi kore a gefe ɗaya. Kuɗi ne ko talla? Kuma da me zan goge shi?

Amsa: Malam, duka biyun ne. Gwamnatin Ingila ta daina buga kuɗin jan ƙarfe a 1775, canji ya yi wuya, masu masana'antu suka rasa abin biyan leburori. A 1787 kamfanin haƙar jan ƙarfe na Parys da ke tsibirin Anglesey ya buga kwabonsa, wasu suka bi sahu, kowa da sunansa da sana'arsa a jiki. Wilkinson mai narka ƙarfe ne, har ya sa fuskarsa a gurbin da aka saba ganin ta sarki. Abin ya lafa bayan 1797, lokacin da Matthew Boulton ya buga wa gwamnati manyan kwabbai. Masu tara tsofaffin kuɗi na kiran kwabban 'yan kasuwar da sunan James Conder, ɗan tireda a Ipswich da ya jera su a littafi a 1798. Ita kanta kalmar kwabo daga sunan jan ƙarfe a Turanci ta samo asali.

Kafin ka kalli fuskar, juya shi ka karanta kaifin gefensa, domin nan gaskiya take. Na Wilkinson na asali yana ɗauke da sunayen wuraren aikinsa: WILLEY SNEDSHILL BERSHAM BRADLEY. Tun a zamanin an yi ta buga jabunsa, wasu da kuskuren suna kamar WILKISON, wasu da rubutun gefe na wani kamfani dabam. Sai ka kai shi sikelin masu zinariya. Na gaske yakan kai gram 12 zuwa 14. In ya gaza 10 alhali bai side ba, akwai alamar tambaya. Jabun wancan zamani ma ana tara shi, kada ka yar, amma kada ka biya kuɗin na asali. Idan za ka ƙara saye, nemi mai sayarwa ya ba ka lambarsa a kundin Dalton da Hamer, littafin da ya ba kowane irin kwabon nan lamba, da hoton gefen.

Batun gogewa kuwa, don Allah kada ka kusance shi da lemun tsami, toka, tsamiya ko man goge ƙarfe. Launin ƙasa-ƙasan nan da ya ɗauki shekara ɗari biyu yana zama shi ne darajarsa. Ka cire shi, ya koma ja-jir, farashi ya faɗi.

Koren iri uku ne. Mai tauri da santsi, bar shi. Mai danƙo, daga ledar PVC ya fito: jiƙa kwabon a asiton zalla (sinadarin da ke cikin ruwan goge jan farce) na minti biyar zuwa goma a kofin gilashi, nesa da wuta, ka bar shi ya bushe ba tare da shafawa ba. Mai kama da gari, wanda ke dawowa bayan an kaɗe, shi ne mai haɗari. Gishiri da danshi ne ke cin ƙarfen, suna barin ramuka. Ware shi daga sauran nan take, ka nemi gwanin adana kayan tarihi.

Riƙe shi ta gefe kawai, zufar yatsa gishiri ce. Ajiye shi a ambulan takarda marar asid, cikin mazubi mai murfi, tare da ƙullin ƙwayoyin tsotse danshi irin na kwalin takalmi, ka riƙa canza su kowane wata da damina.