Tambaya da Amsa: Tankinmu ba ya kai la'asar

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Muna da burtsatse a gidanmu a Bauchi da tanki mai lita 1,000, amma tun shigowar bazara tankin ba ya kai la'asar, injin kuma sai ya yi ta jan iska. Maigida da samarin gidan kowa sai ya share minti 15 a ƙarƙashin shawa. In na yi magana a ce ai ruwan burtsatse ba ya ƙarewa. Ina tsoron mu wayi gari babu ruwa. Yaya zan yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Tsoronki yana kan hanya. Shawa irin ta gidajenmu tana zubar da wajen lita 10 a minti ɗaya. Wankan minti 15 ya tashi lita 150, wato jarka shida irin ta 'yan ga-ruwa. Mutum biyar suka yi haka, lita 750 ta tafi, ba a ɗora tukunya ba, ba a yi wanki ba.

Amma maganar nan ta "ba ya ƙarewa" ita ta fi ci mini rai, domin kullum sai na ji ta. Masu yaɗa ta su ne 'yan haƙa na ci-barkatai, waɗanda ko awon ƙasa ba sa yi, su girke mota, da ruwa ya yi tsartuwa su ce wa mai gida "Alhaji, mun taɓo kogi." Wane kogi? Garin Bauchi a kan dutse yake zaune. Ruwan da kuke ja yana maƙale ne a cikin ruɓaɓɓen dutse da tsagoginsa, kuma ruwan damina ne ke tsuma ya cika su. Daga Oktoba har zuwa faɗuwar damina ci ake yi ba ƙari. Kuma tsagar nan ba taku ce ku kaɗai ba. Kowane gida a layin ya haƙa nasa don ruwan Dam ɗin Gubi bai wadatar da kowace unguwa ba, duk kuma wuri ɗaya ake zuƙa. Talakan da ke maƙwabtaka da ku mai rijiyar guga, tasa ce ke fara ƙafewa. Jan iskar da kika ji kuwa alama ce ruwan ya sauka har bakin injin. Injin da ke cikin rami ruwa ne ke sanyaya shi, in aka ci gaba da kunna shi a haka ƙonewa zai yi. Sannan wanda ya ce kogi ne ya dawo ya ce a ƙara zurfi, a sake biyansa.

Gyaran wankan ba shi da wuya. A jiƙa jiki, a rufe famfo, a saɓa sabulu a cuɗa, sannan a buɗe a ɗauraye. Samarin kuwa, ki rufe musu makunnin shawar har damina ta sauka, kowa ya ɗauki bokiti ɗaya da kofi.

Maigida ki same shi cikin ladabi, ba a gaban yara ba, ki tuna masa hadisin Anas da ke cikin Bukhari da Muslim: Manzon Allah (SAW) yana alwala da mudu ɗaya (ƙaramin mudun Annabi, ba na kasuwa ba), yana wanka da sa'i zuwa mudu biyar, abin da ko rabin bokiti bai kai ba. Injin kuma daga yau, da kin ji ruwa ya fara yankewa ki kashe shi, a bar ramin ya tara zuwa asuba.