Ina so in fara turi da sayar da rediyo mai memori, ta ina zan kama?

Wani ɗan'uwa mai rumfar cajin waya a bakin tasha, a wani gari na jihar Jigawa, ya aiko da tambaya. Ya kwashi adashi, ya haɗa da ɗan abin da ya tara, yanzu yana da naira dubu 500 a hannu. Masu kawo caji suna yawan tambayarsa ko yana tura waƙa da karatu a memori, shi ya sa yake so ya sayi kwamfuta laftop ta dubu 300, ragowar ya saro ƙananan na'urorin jin waƙa da ake kira MP da memori. Yana so ya san ko har yanzu akwai ci a harkar, kuma ta ina zai fara.

Ɗan'uwa, Allah ya sanya albarka a jarin. Akwai ci, amma ba a inda ka sa ido ba. Yadda ka tsara, fiye da rabin kuɗinka zai tafi kan ɓangaren da ribarsa ke raguwa kullum, wato turi, ka bar ɓangaren da zai riƙe ka da ɗan abin da ya rage. Ni a ganina turi shi ne zai jawo maka mutum har bakin rumfa, amma kuɗin yana cikin abin da zai riƙe a hannu ya tafi da shi gida: rediyo, sifika, memori, batir da caja.

Dubi yadda duniyar ta juya. Kamfanin Apple ya fito da iPod a 2001, ya mamaye kasuwar na'urar jin waƙa ta aljihu, amma a 2022 ya daina yin ta gaba ɗaya, domin waya ta haɗiye aikinta. A nan gida ma haka ne. Wayoyin Tecno da Infinix da itel suna zuwa da manhajar jin waƙa ta Boomplay a ciki, matasa suna da Audiomack, Spotify ya shigo Najeriya a 2021, sannan duk waƙar da ka tura wa yaro ɗaya da safe, kafin la'asar ta zaga unguwa ta Xender ba tare da ka ga ko sisi ba. Saboda haka ƙaramar MP ta maƙalawa a riga, mai 'yar igiyar kunne, kar ka saro ta da yawa. Wanda zai so ta yana da waya.

Wanda bai bar kasuwarka ba shi ne mutumin da ba ya son sanya abu a kunne, ba ya son ɓata cajin wayarsa, kuma ba ya da kuɗin data na kullum. Manomi a gona, makiyayi a daji, tela a kan keke, mai shayi, direban da ke jigila ranar kasuwa, matar aure da ke aikin gida tana jin littafin da aka karanta da murya, dattijo mai son tafsiri bayan asuba, ɗalibin hadda da ke maimaita sura. Duk waɗannan abu ɗaya suke nema: 'yar rediyo mai ƙara, mai cin memori da filash, mai kama FM, wadda batirinta ke kai yini, in da hali da tocila a jiki ko ɗan allon sola a baya. Tunda a bakin tasha kake, su ne ke wucewa ta gabanka kullum. Kafin ka kashe kobo, ka yi mako biyu kana rubuta abin da kowa ya tambaya da bakinsa. Takardar nan ita za ka riƙe ka shiga kasuwa da ita.

Kan laftop, kar ka wuce kashi ɗaya cikin huɗu na jarin, har da faifan ajiya na waje. Aikin kwafe fayil daga nan zuwa can ba ya buƙatar sabuwar kwamfuta. Ta hannu mai lafiyar batir da ramukan USB masu aiki ta isa. Abin da za ka fi kula da shi shi ne wurin ajiya, kuma ka ajiye kayanka a wuri biyu, domin faifai yana mutuwa ba sallama, ya tafi da aikin wata shida. Rabin jarin ya tafi kan kaya. Kashi ɗaya cikin huɗun da ya rage ka bar shi a asusu, kar ka taɓa, sai ka ga abin da ya fi tafiya ka koma ka ƙaro shi. Sabon ɗan kasuwa ya fi faɗuwa a sari na biyu, lokacin da ya gano abin da ake so amma kuɗinsa duk sun kwanta a kan abin da ba a so.

Sarin farko ka je Kano da ƙafarka, Farm Centre ko titin Beirut ko Sabon Gari, kar ka yi aike. Ka ɗauki kala uku ko huɗu, kowace 'yan ƙwaya kaɗan, maimakon kwali guda na kala ɗaya don an rage maka. Ka tafi da memorinka mai kaya a ciki. Kowace rediyo a buɗe ta a gabanka, a sa memori, a ƙure murya ka ji ko sifikar tana karkarwa, a juya FM, a soka caja ka ga wutar ta kama. Ka girgiza ta a kunne, in wani abu na motsi a ciki ka ajiye. Sannan ka yi magana da dila a fili kan wadda ta mutu a hannun kwastoma cikin mako: yana canzawa ko ba ya canzawa? A rubuta a rasit. Dilan da ya ɗara wani tsada da ɗari biyu amma yana karɓar canji ya fi maka sauƙi.

Ga misali da lambobin da na ƙirƙira don lissafi kawai, farashin gaskiya sai ranar da ka shiga kasuwa. A ce ka saro rediyo goma a kan 6,000 kowace, kana sayarwa 8,000. A takarda ribarka 20,000 ce. In ɗaya ta mutu dila ya ƙi karɓa, tara ka sayar, ribarsu 18,000, ka cire 6,000 na matacciyar, saura 12,000, ba a cire kuɗin mota ba. Rediyo ɗaya ta cinye kusan rabin ribar. Shi ya sa na dage kan gwaji da alkawarin canji.

Batir ma ka duba irinsa. Ka fi son rediyon da ake cire batirinta, mai cin BL-5C, wato irin na tsohuwar Nokia, ko kuma mai cin dogon batirin nan 18650. Wanda ya saya zai dawo neman batir bayan watanni, cinikin naka ne. Mai batir a manne kuwa in ya mutu ta zama shara, mai ita kuma kai zai zaga. Duk 18650 da ka ga an rubuta 9,900mAh a jikinsa ƙarya ce, na kirki ba ya wuce wajen 3,500. Kuma kar ka jera kaya a rana don a gani, zafi yana kashe irin waɗannan batura tun ba a sayar ba.

Yanzu memori, inda sunanka zai gyaru ko ya ɓaci. Kasuwa cike take da jabu, kuma manyan sunaye irin SanDisk da Kingston da Samsung su aka fi kwaikwaya. Jabun yana nuna maka 32GB a kwamfuta, ya karɓi duk abin da ka tura ba gardama, alhali cikinsa bai wuce 4GB ba ko ƙasa. Mutum zai je gida, waƙoƙin farko su yi, na baya su ƙi buɗewa, ya dawo yana cewa ka cuce shi, a gaban jama'a. Akwai 'yar manhaja ta kyauta mai suna H2testw, tana cika memorin da bayanai ta sake karantawa ta faɗa maka girmansa na gaskiya. Tana ɗaukar lokaci, amma ka gwada ko biyu daga kowane sari kafin ka jera. In farashin 32GB ya zo daidai da na 8GB, ba sai ka gwada ba.

Ka kuma san cewa ko na gaskiya ba ya nuna cikakken adadin da ke jikinsa. Mai 8GB zai nuna wajen 7.4, mai 32GB wajen 29, saboda bambancin yadda kamfani da kwamfuta ke ƙirga. Ka faɗa wa mai saye tun kafin ya gani da idonsa. Kar kuma ka sayar wa mai rediyo memorin 64GB don ya fi riba. Waɗanda suka haura 32GB suna zuwa da tsarin ajiye fayil mai suna exFAT, yawancin ƙananan rediyon nan kuwa tsarin FAT32 kawai suke karantawa. Gaskiya ma ba ya buƙata. Fayil ɗin sauti na MP3 mai matsakaicin inganci, wanda ake kira 128kbps, yana cin kusan 1MB a minti ɗaya. Memorin 8GB zai ɗauki waƙa mai minti biyar kusan 1,500. Karatun Alƙur'ani izu sittin, ko da mai karatun ya ɗauki awa 30, bai cika 2GB ba. Mai 4GB da 8GB da 16GB su ne kayanka.

Abin da zai bambanta ka da yaron da ke turi a kwana shi ne tsari. Yawancin rediyon nan ba su da allon da ke nuna suna, sai lamba, wasu kuma suna bin jerin da aka tura fayil ne, ba jerin suna ba. Don haka ka sa wa surori lamba 001 zuwa 114, ka tura su a jere cikin memori wanda babu komai, ka gwada a rediyo: in dattijo ya danna 36 Yasin ta fito, ka samu kwastoma na shekaru, kuma shi zai kawo maka abokan sahunsa. Ka rubuta masa jerin a 'yar takarda. Sautin da aka sauke daga intanet sau da yawa nau'in fayil ne mai suna M4A, saƙon murya na WhatsApp kuma wani nau'i ne daban, rediyo ba za ta karanta su ba sai ka mayar da su MP3. Memorin da aka kawo maka daga waje kuwa, kar ka danna komai a cikinsa kafin ka bincika shi, domin ƙwayar cutar kwamfutar nan da ke ɓoye fayiloli ta bar na bogi a madadinsu ta haka take shiga, daga kwamfutarka kuma ta bi kowa gida.

Sai maganar da masu harkar ba sa son ji. Waƙa da fim da littafi suna da masu su. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta haramta kwafar aikin wani a sayar ba da izininsa ba, kuma hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasa tana da ikon kamawa. A Kano akwai Hukumar Tace Fina-finai tun 2001, mai sa ido kan abin da ake yaɗawa. Cewa kowa na yi ba ya kare ka ranar da aka zo, kuma ko ba a zo ba, wanda ya biya kuɗin sitidiyo yana da hakki a kanka. Ka nemi ƙungiyar masu turi ta yankinku ka ji yadda suke rajista da yadda suke biyan masu kaya, ka shiga ta ƙofa. Ka jingina da abin da masu shi suka sake don a yaɗa, karatu da wa'azi da yawa haka suke, da kuma mawaƙan garinku da sha'irai masu tasowa waɗanda za ku yi yarjejeniya baki da baki ko a rubuce. Kayan batsa kuwa kar su kwana a kwamfutarka ko da wani ya ce ajiya ce. Rumfa ɗaya gare ka, sunan gidanku kuma ɗaya ne.

Wata amanar kuma: memorin mutane yana zuwa da hotunan iyalinsu. Kar ka buɗe, kar ka kwafa, kar ka bar yaron shago ya yi. Kafin ka goge memorin kowa ka tambaye shi sau biyu.

Kan farashi, kayan nan daga Sin suke zuwa, dala ke juya su. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 'yan kasuwa da yawa suka sayar da kaya da riba a takarda, suka koma kasuwa kuɗin bai sayi adadin da suka sayar ba. Ka riƙa kiran dilanka duk mako, ka sa farashi a kan abin da za ka biya gobe in ka je ƙarowa, ba abin da ka biya jiya ba. Ka sayar a haɗe: rediyo da memori da kayan da mutum ya zaɓa, kuɗi ɗaya, an gwada a gabansa. A haka ladan turinka yana ciki, ba a tsaya ana ja-in-ja kan naira hamsin ba. Bashi a watannin farko babu, ko ga aboki, ka ce kuɗin adashi ne.

Ka raba littafin caji da na wannan harka tun ranar farko, in ba haka ba kuɗin caji zai riƙa rufe asarar da ba ka gani. Ka kuma auna lokaci. Rediyon karatu da tafsiri sarinta a Sha'aban ne, kafin kowa ya ruga kasuwa farashi ya hau. Sifika mai Bluetooth ta fi tafiya gab da sallah da lokacin bukukuwa. Mutanen karkara kuwa kuɗi na hannunsu da kaka, bayan an sayar da riɗi da wake, don haka kuɗin nan da na ce ka ajiye, ka tabbata yana nan lokacin. In ka yi wata uku, ka turo mini abin da littafin ya nuna, kala nawa ka saro, wace ta ƙare, wace ta kwanta, nawa aka dawo da su, sai mu duba ko lokacin ƙara jari ya yi.