Tambaya da Amsa: Kan jirgin da Kawu ya bari ya ƙi tafiya

TAMBAYA: Malam, barka da ƙoƙari. Kawuna ya rasu ya bar mini wani akwati. A ciki na tarar da ɗan ƙaramin kan jirgin ƙasa na ƙarfe, an rubuta Hornby Dublo a jikinsa, tare da layin dogonsa mai ƙarfe uku. Abin ya shiga raina har na sayi sabo na zamani, da nasa layin mai ƙarfe biyu. Da na ɗora tsohon a kan sabon layin ko motsi bai yi ba, sai ma akwatin wutar ya ɗauke. Ya mutu ne? Kuma mai son fara tara irin waɗannan, tsofaffi zai bi ko sababbi?

AMSA: Allah ya jiƙan Kawu, ya kyauta namu zuwan. Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, da wuya a ce ya mutu. Masauki ka ba shi wanda ba nasa ba.

Juya shi ka duba cikinsa. Za ka ga wasu 'yan ƙarafa kamar bakin cokali a tsakiya. Su ne ke goga ƙarfen tsakiya na layin su ɗebo wuta, wutar ta ratsa injin, ta koma ta ƙafafun dama da na hagu gaba ɗaya. Wato ƙafafun nan a haɗe suke, babu abin da ya raba su. Shi kuwa layi mai ƙarfe biyu, wuta ta dama take shiga ta fita ta hagu, shi ya sa ake sa 'yar roba a cibiyar ƙafar jirgin zamani don kada ɓangarorin su haɗu. Da ka ɗora na Kawu, sai ya zama tamkar ka gitta ƙusa a kan layin. Akwatin wutar ya ɗauke ne don ya tsira da ransa, kuma ya kyauta.

Kamfanin Meccano, wanda Frank Hornby ya kafa a Libaful ta Ingila, shi ya fito da Dublo a 1938. Bai koma layi mai ƙarfe biyu ba sai 1959, a 1964 kuma masu kamfanin kayan wasa na Tri-ang suka saye shi. Ka ga ke nan abin da ke hannunka ya haura shekara 60 a duniya. Mayar da shi kan layinsa na asali, amma kada ka jona tsohuwar taransifomar da ke cikin akwatin sai mai gyaran lantarki ya duba ta, domin robar da ke jikin wayoyin zamanin nan takan bushe ta farfashe. Akwatin wutarka na yanzu, in dai na DC ne, wato wuta mai bin hanya ɗaya, zai iya wadatarwa, sai dai tsohon inji ya fi sabo cin wuta. Gargaɗi ɗaya: Märklin, mai ƙera irin waɗannan jiragen a Jamus, ita ma ta tsakiyar layi take ba da wuta, amma tata AC ce, mai kai da komo, kuma da wata fizgar wuta mai ƙarfi take sa jirgi ya juya baya. Kama da wane ba ta wane. Kada ka gwada Dublo a kan akwatinta.

Mu zo kan tsoho da sabo, inda na san zan ɓata wa wasu abokaina rai.

Ina da irin na Kawu, ɗan baƙi samfurin N2 mai ɗaukar ruwansa a gefe. In na kwance noti, gangar jikin sai ta ɗago gaba ɗaya kamar murfi, komai a fili: maganaɗisu, ɗaurin waya, 'yan gawayi biyu da ke gogar tagulla. Da tsinke na yashe baƙin dattin da ya cushe tsagogin tagullar, na ɗiga mai da bakin allura, ya tashi yana gurnani, da wani ƙauri na mai da tartsatsin wuta da duk wanda ya taɓa shaƙa ba ya mantawa. Nauyinsa kuwa, in ya faɗo a yatsan ƙafarka za ka yi salati. Amma fa in ana maganar kama da jirgin gaske, a yi shiru. Ƙarafan da ake dafawa zane ne kawai da aka zubo tare da jikin, bakin ƙafafunsa faɗaɗa-faɗaɗa, tashinsa kuma na ɗan tsere ne, daga tsaye sai gudu.

Sabon kuwa ido yake yi wa hidima. Kowane bututu, kowace fitila, daban aka ƙera aka manna, rubutun jikinsa sai da gilashin ƙara girma ake karantawa. Injinsa yakan zo da dunƙulen tagulla mai juyawa da ke hana shi fizga, har ka ga yana rarrafe kamar hawainiya. Tun da tsarin DCC ya kankama a shekarun 1990, 'yar na'ura ake sa wa kowane kai, sai ka tuƙa uku ko huɗu a layi guda, kowa da gudunsa, wasu har da huci da usur. Sai dai kyan ɗan maciji ne. Wata rana garin fito da wani daga kwalinsa na ɓalle masa ɗan tsani, ya faɗa cikin kafet, na yi rabin sa'a a durƙushe da tocilan ban gan shi ba har yau. In kuma na'urar cikinsa ta ƙone, babu zancen tsinke da mai, sai dai a sayo wata.

Bari in ratsa gefe kaɗan, domin masu farawa sukan yi tuntuɓe a nan. Jiragen Ingila irin Hornby ma'aunin OO suke bi, ɗaya bisa 76 na jirgin gaske. Na Jamus da Amurka HO ne, ɗaya bisa 87. Dukansu kan layi mai faɗin milimita 16.5 suke tafiya. Layin gaske milimita 1,435 ne, in ka raba da 87 za ka ga HO ne ya dace, na OO ya kamata ya kusa 19. Dalili shi ne jiragen Ingila na gaske ƙanana ne a jiki, injinan lantarki na shekarun 1930 sun ƙi shiga, sai aka buɗa rigar aka bar ƙafar yadda take. In ka jera su wuri guda za ka ga na Ingila ya yi wa ɗan'uwansa ƙiba.

Ra'ayina, kada ka ce tsofaffi ko sababbi. Zaɓi jirgi guda na gaske ka bi sawunsa cikin zamunna. Ni dangin A4 na bi, jiragen tururi na Ingila waɗanda injiniya Nigel Gresley ya zana, cikinsu har da Mallard da ya yi gudun mil 126 a awa ranar 3 ga Yuli, 1938. Dublo ta ƙera A4 tun shekararta ta farko, kamfanoni kuma ba su daina ba. Na ƙarfe a hagu, na roba a dama, hanci ɗaya, a nan ne kwatanci yake da daɗi. Wanda ya ce duk abin da ya gani zai saya, kanta zai cika, ba abin da zai fahimta.

TAMBAYA: Malam, wani kan jirgi nawa ya fara tsattsagewa daga ƙasa, har jikin ya ɗan kumbura, alhali bai taɓa faɗuwa ba. Gam zai riƙe shi?

AMSA: Kash! Wannan ciwon tutiya ne. Gindin yawancinsu da narkakkiyar tutiya ake zuba shi, in darma ta ɗan gauraya a wajen narki, sai ƙarfen ya riƙa ruɓewa daga ciki, yana kumbura, laima na ƙara masa azama. An fi ganinsa a kayan shekarun 1930 zuwa 1950, amma na zamani ma bai bar su ba. Na taɓa ɗaga wani nawa, ba tsoho ba, gindin ya marmashe a tafina kamar busasshen yumɓu. Gam zai riƙe tsagar yau, gobe wata ta buɗe. Ba ya yaɗuwa zuwa maƙwabtansa, wannan kam kada ka damu. Yi maza ka cire gangar jikin kafin kumburin ya fasa ta, ka adana injin da ƙafafun, ka nemi gindin wani irinsa mai lafiya.

TAMBAYA: Baba, fentin nawa ya goge a wurare, kwalinsa ma ya yage. In sake masa fenti in yar da kwalin?

AMSA: A'a, 'yata, garin gyaran gira kada a rasa ido. Masu tarawa sun fi daraja fenti na asali ko da tabo a kan sabon shafe, kwalin kuma sau da yawa ya fi jirgin wuyar samu, domin shi yara suka fara yagawa. Share ƙurar da burushi mai laushi, kada ki kai ruwa ko sinadari wajen lambobin jikinsa. Kwalin kuma ki sa shi inda babu rana babu laima, kada ki liƙa masa salatif, domin in ya tsufa yakan bar jan tabo, ya ɗauke rubutun in an zo ɓarewa.