Zuwa ga ɗana, kan Kawunka da ƙamus ɗin cikin kwamfuta

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya karatu? Saƙonka ya same ni jiya bayan Isha'i. Da yake an ɗauke wuta, idona kuma ba ya shiri da hasken waya cikin dare, sai na bari gari ya waye. Da ma mahaifiyarka ta riga ka kawo mini labarin, sai dai nata ya fi naka yaji.

Ga yadda na fahimci abin. Ranar sa ranar auren ƙanwarka a gidanku na Tudun Wada, an zaunar da kai da kwamfutarka kana rubuta abin da dangin ango suka kawo. Cikin baƙin akwai abokin aikin angon, mutumin Kudu da ba ya jin Hausa, ya tambaya me ake ta ja-in-ja a kai. Kawunka ya ce masa maganar sadaki ake yi, ya kira shi dowry. Kai kuma ka danna ƙamus ɗin Turancin da ka sauke, ka ga an rubuta dukiyar da mace ke tafiya da ita gidan miji, sai ka juya wa Kawu allon a gaban jama'a, ka ce ba haka kalmar take nufi ba. Kawu ya yi shiru, ko abinci bai tsaya ci ba. Yanzu an ce ka je ka ba da haƙuri, kai kuwa kana tambayata wai ashe al'adarmu ta hana yaro faɗin gaskiya ko da hujja na hannunsa?

Ba ta hana ba. Ka sha bin salla a masallacin Sultan Bello. In liman ya yi rafkanuwa, ko yaro ne a sahu zai ce Subhanallah, in kuma karatu ya sarƙe masa a buɗa masa ayar, ba wanda zai ce an ci mutuncinsa. Amma ka taɓa ganin wanda ya fito daga sahu ya ɗaga Alƙur'ani yana nuna wa mutane inda liman ya kuskure? A makarantar zaure ma haka muka taso. Almajiri ba ya cewa malam ya yi kuskure. Cewa yake, Allah gafarta malam, a nawa littafin kaza na gani, ko kuwa mai rubutun ne ya zame? Malam ya karɓa ya duba, in gyara ne ya gyara, kowa ya tashi da girmansa. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Abin da ya ƙara wa naka nauyi shi ne wurin. Ni ya kamata in yi magana ranar, ciwon ƙafa ya hana ni fita, shi ya sa Kawunka ya tsaya da yawunmu. Mutumin da ke yanke sadakin 'yarmu a gaban surukai, kalmarsa ita ce kalmar gidan. In ɗan gida ya karya masa magana a ƙaramin abu, waɗanda ke zaune suna auna shi a babban. Da kakanka ne, Allah ya jiƙansa, da ka tsokane shi an yi dariya an wuce, don jika abokin wasan kaka ne. Kawu ba abokin wasanka ba ne.

Yanzu mu zo ga ƙamus ɗin, don nan ne ka ba ni dariya. Ka koma ka buɗe kalmar, amma kada ka tsaya a ɗan akwatin da ke tasowa in ka ɗora linzami a kanta. Ka shiga cikakken bayanin ka gangara ƙasa. Za ka ga an jera ma'anoni da lamba, 1, 2, 3. Ta farko ita ce wadda ka gani. Manyan ƙamusoshi, irin na Merriam-Webster na Amurka, sun kawo wata a ƙasa: kyautar kuɗi ko dukiya da namiji ke bai wa amaryarsa, ko yake bayarwa dominta. Ka ga Kawunka yana da madafa. Malamin makaranta ne shekara talatin da ɗoriya, kuma da wannan kalmar malaman addini da masu fassara a ƙasar nan suka saba kiran sadaki. Ka kira shaida, ya buɗe baki ya faɗi jimla ɗaya, ka yanke hukunci bai gama ba.

Kada ka ce ina yi maka gori, ni ma na taɓa faɗawa ramin. Lokacin da nake sabon shiga aikin fassarar labarai a nan Kaduna, an miƙo mini labari da kalmar sanction a ciki. Na san ta da takunkumi, sai na rubuta gwamnati ta ƙaƙaba wa aikin takunkumi, alhali labarin cewa yake ta amince a yi. Kalma ɗaya, ma'ana biyu masu juya wa juna baya. Babban da ke duba aikinmu bai kira sunana a ɗakin ba. Ya ja layi da fensir, ya ajiye mini takardar da ƙamus a buɗe a shafin, ya tafi salla. Shekara arba'in ke nan, ban sake karanta ma'anar farko na rufe ba.

Ka san ma daga ina kalmar ƙamus ta zo mana? Daga Larabci ne, asalinta kuwa teku. Fairuzabadi, wanda ya rasu a ƙarni na 9 na Hijira, shi ya sa wa littafinsa na lugga suna Alƙamusul Muhiɗ, wato tekun da ya kewaye, littafin ya yi suna har aka koma kiran kowane irinsa ƙamus. Wanda ka sauke ɗin teku ne da gaske. Babban ƙamus na Oxford sai 1928 aka kammala bugunsa na farko, bayan shekaru masu yawa ana aiki. Bugu na biyu ya fito a 1989 cikin juzu'i 20, ba mai iya kinkimarsa shi kaɗai, yanzu kuma kalmomin da ke ciki sun haura 600,000. Yadda aka haɗa shi ne abin lura. James Murray, wanda ya karɓi jagorancin aikin a 1879, roƙon masu karatu ya yi su riƙa kwafo jimloli daga littattafai a 'yan guntayen takardu suna aiko masa, don a ga yadda mutane suka yi amfani da kowace kalma da kuma lokacin da ta fara fitowa. Wato bakin mutane ƙamus yake bi. Shi ya sa a Janairun 2020 suka shigar da kalmomin Turancin Najeriya 29, har da okada da danfo da Kannywood, a farkon 2025 kuma aka ji suya ta shiga. Mai suyan bakin titin Ahmadu Bello Way bai jira izinin Oxford ba kafin ya kira abinsa suya. Su ne suka biyo ƙamshi daga baya.

In kana son ka ga iyakar tekun, auna shi da auren ƙanwarka. Sadaki haƙƙin amarya ne ita kanta, ba na uba ko waliyyi ba, kuma a mazhabar Malikiyya mafi ƙarancinsa rubu'in dinari ne. In ka ce bride price, Bature zai ɗauka kuɗi ne da ake biyan iyaye, ka ga an kauce. In ka ce dowry, da yawa za su ɗauko ma'anar farko, wadda ta fi kusa da kayan ɗaki da gara, abin da gidan amarya ke kai wa. Masu rubutun fiƙihu da Turanci sukan ce dower, ko su bar kalmar Larabcin, mahr, su yi bayani. Lefe kuwa, da kuɗin na-gani-ina-so, da sayen baki, nemi duniya ba za ka samu kalma guda da ta ɗauke su ba. Kai, ni da Kawunka ma uncle ɗaya muke a wurinsu, alhali kowane yaron Unguwar Shanu ya san baffa daban, kawu daban, kuma ya san wanne ne ke ba da aure. Da ka bari an watse, ka ja baƙon gefe ka warware masa wannan, da ya koma gida da ilimi, Kawu kuma ya ci tuwonsa.

Ba raina manhajar nake ba, kishinka ma nake ji. Mu da ƙamus ɗin Michael West muka fara a firamare, a sakandare muka samu na Hornby, wanda ya fara fitowa a 1948. A wurin aiki kuwa ƙamus ɗin Hausa na Bargery na 1934 guda ɗaya ne, bangonsa ya ɗaye, ana layi a kansa, sai na Skinner na Turanci da Hausa da kowa ke ɓoyewa a aljihun teburinsa. Lafazi sai dai ka yi ta fama da waɗancan baƙaƙen nuna lafazi da ake rubutawa gefen kalma, ko ka kasa kunne ga BBC ka ji yadda suke faɗa. Kai yanzu ɗan hoton lasifika za ka danna, ka ji na Ingila ka ji na Amurka. Ka riƙa saurarensu duka, amma a rubutu ka riƙe ɗaya, kada ka rubuta colour a sama color a ƙasa. Ka karanta jimlolin misali kafin ka ɗauki kalma, don su ne ke nuna maka wa take zama da shi. Ka kuma lura da 'yan alamun da ake maƙalawa gefe, masu cewa wannan tsohon yayi ce, wannan ta 'yan tasha ce, wannan zagi ce. Na ga takardun neman aiki da yara suka cusa wa manyan kalmomi daga jerin masu kama da juna, ka karanta ka rasa ko roƙo ake ko faɗa. Sashen asalin kalma kuwa, in ka shiga sai ka manta da abinci. Duba alkali ka gani: daga Larabci suka aro ta, tokar wani tsiro ce, ba ruwanta da alƙalin kotu.

To, maganar Kawu. Ka je gobe bayan Magariba, lokacin da yake zama a ƙofar gida, amma ka jira mutanen majalisarsa su tashi. Ka bar kwamfutar a gida. Ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce Kawu na yi wauta, a yafe mini. Kada ka haɗa da amma, kada ka ce ai ma kai ke da gaskiya, don ba hukunci ka je yankewa ba. Zai ce ba komai, ko da akwai. Sai bayan biki, in hankali ya kwanta, ka ɗauki kwamfutar ka je masa da tambaya: Kawu, na ga ma'ana fiye da ɗaya a nan, wacce kuke koya wa ɗalibai? Na san shi tun muna samari, zai riƙe ka har Isha'i. Ka ƙara masa girman rubutun, idonsa ya yi rauni amma ba zai faɗa ba.

Ranar Asabar ka biyo ta Kawo ka sa mini manhajar ƙamus ɗin a tsohuwar kwamfutata, irin wadda ke aiki ba sai da intanet ba, don data ta yi tsada. Ka taho da ita a filas. Goggonka na gaishe ka, ta ce ka zo da kwanon da aka kai muku dambu.

Baffanka.